Turbo a injin mota: yadda yake aiki, da dalilin da ya sa ba a kashe mota da zafinta

Yawancin motocin gazwal da ke bin hanyoyin Damagaram a yau suna da turbo: Hilux ɗin da ke zuwa Tanut da Agadas, manyan bas-bas na hanyar Yamai, da tankokin da ke ɗaukar mai daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2011. Turbo ƙaramin ƙarfe ne, amma in ya mutu kuɗinsa ba kaɗan ba ne, wani lokacin ma ya tafi da injin gaba ɗaya. Sau da yawa kuma ba tsufa ke kashe shi ba, yadda ake riƙon sa ne. Ga bayaninsa dalla-dalla domin direbobi, masu motoci, da 'yan'uwa na waje da ke aiko da mota gida.

Mene ne turbo?

Inji ba ya cin mai shi kaɗai, sai da iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san haka: gawayi ɗaya ne, amma da an danna zugazugi sai wuta ta yi ƙarfi. To, turbo shi ne zugazugin inji.

Fankoki biyu ne a cikinsa, a kan sandar ƙarfe guda. Ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita zuwa salansa, hayaƙin ne ke juya ta. Da ta juya sai ta juya 'yar'uwarta, ita kuma ta zuƙo iska daga filta ta cusa cikin inji da ƙarfi. In iska ta yi yawa, inji na iya ƙona mai da yawa, sai ƙaramin inji ya ja kayan babba.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962, sannan a 1979 Peugeot ta fito da 604 mai gazwal da turbo. Ba kowace mota ke da shi ba: Land Cruiser mai injin 1HZ ba ta da turbo, amma Hilux mai 2KD ko 1KD tana da shi.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Na ɗaya, sandar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, alhali injin gazwal da wuya ya wuce 4,000. Na biyu, hayaƙin da ke bugun fankar yana kai digiri 700 ko fiye a gazwal, a motar fetur kuma yana kusantar 1,000. Abin da ke tsakanin sandar da mazauninta ba komai ba ne illa ɗan siririn baƙin mai da famfon inji ke turowa. Shi ne santsinta, shi ne kuma ke kwashe zafinta.

Wa ke tsare ƙarfin iskar?

In aka bar turbo ya yi yadda ya ga dama, hayaƙi zai ƙaru, fanka ta ƙara gudu, iska ta ƙaru, hayaƙi ya sake ƙaruwa, har inji ya fashe. Saboda haka aka yi masa linzami. Ana auna ƙarfin iskar da bar, kuma yawancin motocin da muke gani suna aiki a wajen bar 1, wato kusan ninki biyu na iskar da inji zai sha da kansa.

Linzami na farko ƙofar sakin hayaƙi ce, wadda makanikai ke kira wesget. Akwai ɗan gwangwani a jikin turbo mai sifirin a ciki, da ƙaramin tiyo da ke kai masa iska. In iskar ta kai iyakarta sai ta rinjayi sifirin, ta tura wani ɗan sanda, ƙofa ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya wuce salansa ba tare da ya taɓa fanka ba. A sababbin motoci kwamfutar mota ce ke ba da umurnin buɗewa da rufewa, bisa ga abin da na'urar auna iska ta gaya mata.

Nau'i na biyu turbo ne mai fikafikai masu motsi, irin na injin 1KD. Kwamfuta na matse su in mota na tafiya a hankali don hayaƙi ya yi ƙarfi, ta kuma buɗe su in an yi gudu. Matsalarsu kunkunniya: motar da ba ta fita daga cikin gari, kullum daga Birni zuwa Zango, fikafikanta na iya maƙalewa. In kwamfuta ta ga iska ta wuce ƙa'ida sai ta rage wa motar ƙarfi da gangan, ka taka totur ka ji ba ta ja. Kare injin take yi, sai a kai ta a duba.

Akwai kuma na'urar sanyaya iska, mai kama da lagireto. Iskar da aka matse tana yin zafi fiye da digiri 100, shi ya sa ake sanyaya ta kafin ta shiga inji. In ƙura da ciyawa suka toshe ta, mota na rasa ƙarfi, musamman a Afrilu da Mayu lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40.

A nan akwai gargaɗi. Wasu kan ɗaure sandan wesget ko su toshe tiyonsa wai don mota ta ƙara ja. Za ta ja kam, amma na ɗan lokaci ne. Bayan haka sai gasket ya ƙone ko fistin ya tsage. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Me ya sa ba a kashe mota da zafinta?

Direba ya taso daga Maradi da gudu, ya shigo tasha, ya murɗa makulli nan take. Famfon mai ya tsaya, amma turbo na nan da zafinsa. Ɗan man da ya rage a kan sanda sai ya soye ya zama baƙin gawayi, kamar man da aka manta a kasko. Gawayin na toshe siririn bututun mai, yana kuma goge sandar. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana sai a ji ƙara.

Maganin ba ya cin ko dala: a bar mota a silo, wato ralanti, kafin a kashe. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinta masu turbo ya kasa abin kamar haka:

- Tafiyar cikin gari: ba sai an jira ba.
- Gudun kilomita 80 a awa: kamar daƙiƙa 20.
- Gudun kilomita 100 a awa: kamar minti 1.
- Hawan tudu, ko doguwar tafiya da gudu fiye da haka: kamar minti 2.

Kutsawa cikin rairayi da kaya niƙi-niƙi, a lissafa shi da hawan tudu. Wanda ya sassauta gudu tun kilomita biyu ko uku kafin ya iso, ya riga ya yi rabin aikin. Wasu sababbin motoci suna da famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da sanyaya turbo bayan an kashe, amma ko su minti ɗaya bai cutar da su ba.

Da safe ma haka ne. In ka tayar da mota, ba ta kamar rabin minti mai ya hau, kada ka yi ta zuga totur, kuma ka fara tafiya a hankali. Al'adar nan ta taka totur sau ɗaya da ƙarfi kafin a kashe, ita ce mafi muni: ka ɗaga gudun turbo, sannan ka yanke masa mai.

Ƙura da baƙin mai

A ƙasarmu ƙura ita ce babbar abokiyar gabar turbo, balle lokacin hunturu. Ƙwayar rairayi ɗaya da ta tsallake filta tana sassaƙar fanka. Kada a cire filtar iska, kada a huda ta, kuma a riƙa duba tiyon da ke bayanta ko ya tsage. Baƙin mai kuwa, a sayi irin wanda littafin mota ya ce, a cikin galan rufaffe. Makanikai da yawa na ba da shawarar kada juyen mai ya wuce kilomita 5,000 ga motar da ke bin hanyar ƙura, tare da sauya filtar mai.

Alamun da ba a wasa da su

Shuɗin hayaƙi da raguwar baƙin mai na nuna turbo ya fara yoyo. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, a duba filta da tiyo tukuna kafin a ce turbo ne. Ƙara mai kamar jiniya kuwa, sanda ce ta yi lako-lako ko fanka ta gutsure.

Mafi haɗari shi ne injin gazwal ya fara shan baƙin mansa ta cikin turbo. Zai yi ta ruri da hayaƙi mai kauri, ko an zare makulli ba zai tsaya ba. In motar mai kuloci ce, a take birki sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci don inji ya mutu. In bai yiwu ba, a sauke fasinjoji a yi nesa. Kada kowa ya sa tafin hannu a bakin shigar iska.

Ga 'yan'uwa masu saya daga waje: ku nemi takardun juyen mai na motar, ku tayar da ita da sanyin safiya ku ga kalar hayaƙi, ku kuma haɗo da filtoci na asali. Direbobinmu kuma, tsakanin Tanut da Agadas gareji ya yi nisa, don haka a duba mai da filta tun a gida. Allah Ya tsare hanya.