Daga Ɗakin Bincike zuwa Ƙauyukan Adar: Tarihin Maganin Tamowa

1. Gabatarwa

A wannan ɗan nazari muna son mu bi sawun wani magani tun daga ɗakunan binciken jami'o'i har zuwa hannun uwaye mata na Adar, wato ƙullin gyaɗar nan mai suna Plumpy'Nut, wanda mutane ke ce wa biskit. Tambayarmu ita ce: mene ne ke sa abin da masana suka gano ya zama magani na haƙiƙa ga talaka?

2. Matakin bincike

A 1933 likita Cicely Williams ta bayyana wani nau'in tamowa da ta gani ga yaran ƙasar da ake kira Gana a yau. A shekarun 1950 John Waterlow ya kafa sashen bincike a jami'ar West Indies da ke Kingston ta Jamaika, inda aka yi shekaru ana auna abin da jikin yaro mai tamowa yake rasawa. A can Michael Golden ya yi aiki kafin ya koma Jami'ar Aberdeen, kuma bisa wannan ilimi ne aka haɗa madarar F-100 a farkon shekarun 1990.

Madarar tana warkarwa, sai dai tana da sharaɗi. Dole a dama ta da ruwa mai tsabta, in kuwa ta jima a dame sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki. Saboda haka ba a ba da ita sai a gidan likita, inda yaro da uwarsa za su kwanta kusan wata guda.

A 1996 André Briend na cibiyar ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka zuba sinadaran F-100 cikin tunkuzar gyaɗa da mai da sukari da garin madara. Da yake haɗin ba shi da ruwa, ƙwayoyin cuta ba su yaɗuwa a cikinsa, kuma ana cin sa ba tare da dafawa ba. Ƙulli ɗaya giram 92 ne, yana ba da kalori 500. A 2003 masu bincike na Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar suka buga sakamakon gwaji da ya nuna yaran da suka ci ƙullin sun fi masu shan F-100 saurin ƙara nauyi.

3. Adar a 2005

Adar ta san yunwa a 1973-74 da 1984-85. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, sai hatsi ya yi tsada ƙwarai a 2005. Tamowa ta fi tsanani a lokacin bazara da damina, sa'ad da rumbu ya ƙare kuma aikin gona ya kankama. A ƙasar da maza da yawa ke tafiya ci-rani Abijan ko Nijeriya, mace ce ke riƙe da gida. A ce mata ta bar gona da sauran ƴaƴanta ta kwanta wata guda a Tawa, tamkar an ce ta ceci ɗa ɗaya ta sa saura cikin haɗari ne.

A wannan shekara ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe cibiyoyi a Tawa da Keita, baya ga na jahar Maraɗi, ƙungiyar Concern ma ta yi aiki a jahar Tawa. Tsarin da aka bi shi ne: a auna yaro, a gwada ko yana iya ci, in yana ci, a ba uwarsa ƙullin mako guda ta koma gida, wanda ba ya ci ko yake da wata cuta shi kaɗai ake kwantarwa. MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar a 2005, mafi yawansu a gidajensu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da PAM suka amince da wannan tsari, a 2023 kuma aka sa irin wannan abinci cikin jerin magungunan da ba a rasawa na Hukumar.

4. Kammalawa

Abubuwa biyu muke fitarwa. Na farko, F-100 da ƙullin gyaɗa kusan sinadari ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne na biyun ya dace da zaman uwar da ba ta da ruwa mai tsabta, ba ta da lokaci. Ke nan sanin rayuwar majinyaci ɓangare ne na binciken kansa, kuma a nan masana tarihi da harshe da zamantakewa suke da abin cewa.

Na biyu, gyaɗa abincinmu ce, amma ilimin sarrafa ta zuwa magani daga waje ya zo. Kamfanin STA na Yamai ya fara yin ƙullin a 2005 da lasisin Nutriset, sai dai kuɗin sayensa mafi yawa na masu ba da agaji ne, kuma dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna raunin wannan dogaro. An kafa jami'ar Tawa a 2010, wadda daga baya aka sa wa sunan Djibo Hamani, marubucin tarihin Adar. Muna ganin aikin da ke gabanta da sauran jami'o'inmu shi ne binciken haɗin da zai rage garin madara mai tsada, ta amfani da wake da gero da manoman Adar ke nomawa, a kuma gwada shi a nan, kan ƙa'ida, da yardar uwaye.