Ƙwaron da ke noma a cikin itace 🧵

1/
Jiya a ɗakin gwaji malaminmu ya tsaga wani busasshen reshe, cikinsa duk ƙananan ramuka masu baƙin baki. Na ce gara ce ta ci. Ya yi dariya, ya ce gona nake kallo. Ku biyo ni ku ji tarihin.

2/
A 1836 wani limamin coci a Ostiriya, Josef Schmidberger, ya ga farin abu shafe a ramukan da ƙwari suka haƙa a bishiyar tuffa, tsutsotsinsu na ta ci. Ya raɗa masa suna ambrosiya, abincin alloli a tatsuniyar Girkawa. A zatonsa ruwan bishiyar ne ya bushe.

3/
A 1844 Bajamushe Theodor Hartig ya ce a'a, fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a burodi. Wato ƙwaron ba itacen yake ci ba. Rami yake haƙawa, ya shuka fumfuna, ya ciyar da 'ya'yansa.

4/
To ina yake samo iri in ya koma sabuwar bishiya? Sama da shekara 100 ana neman amsa. A 1956 Helene Francke-Grosmann ta gano wasu 'yan aljihuna a jikin ƙwarin, inda suke adana irin. Da guzurinsu suke tafiya!

5/
Sai wahalar tantancewa. A madubin ƙara girma fumfunan nan kamarsu ɗaya, wasu kuma ba sa yarda su tsiro a faranti. Gwajin DNA ne ya zo ya raba gardama.

6/
Kada ku ce ina ruwanmu. A 2002 aka ga wani ƙwaro ɗan Asiya kusa da tashar jiragen ruwa ta Savannah a Amurka. Sai 2008 fumfunarsa ta samu suna, Raffaelea lauricola. Kafin nan bishiyoyi sun yi ta mutuwa, daga baya ta faɗa gonakin fiya a Florida.

7/
A 2017 kuma aka gano wani irinsa a Pietermaritzburg, Afirka ta Kudu, ɗauke da tasa fumfunar, Fusarium euwallaceae. Tana toshe hanyar ruwan bishiya har ta bushe.

8/
Sau da yawa cikin katakon jigilar kaya da itacen girki suke bi su ƙetare iyaka. In ba a san wace fumfuna ƙwaro ya ɗauko ba, ba a san wace bishiya ke cikin haɗari ba.

Wa ya taɓa ganin irin ramukan nan a itace? Ku turo hoto, zan kai wa malam.