Gonar da Mai Ita Ya Yi Nisa: Riƙo, Aro da Jingina a Ƙasar Jahun

A ƙasar Jahun, kamar sauran gabashin tsohuwar masarautar Kano, an daɗe da sanin cewa mutum yana iya jingine fartanya shekara biyu ko goma, gonarsa kuma ta ci gaba da amsa sunansa. Wani ya tafi gabas neman karatu, wani ya ɗauki hanyar Makka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, tafiyar da kan ci shekaru, wani kuma yunwa ce ta kore shi. Kowannensu yakan bar gonarsa a hannun ƙane ko maƙwabci, a gaban mai unguwa, kuma ba wanda zai ce ya sayar ko ya saki. Masu yabon zamanin da sukan kawo wannan a matsayin shaidar amanar mutanen dā. Amana tana ciki, amma a ganina ba ita kaɗai ta riƙe al'adar ba. Abin da ya riƙe ta shi ne gonar ba ta bin mai ita. Tana nan a hannun jama'a, ana noma ta, ana biyan harajinta, kuma idan ya yi sakaci tana iya suɓuce masa. Jama'a sun yarda mutum ya huta ne saboda dukiyarsa ba ta huta ba.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, ƙasa ta fi mutane yawa a yawancin wannan yanki. Arzikin dagaci yana cikin yawan magidantan da ke ƙarƙashinsa, domin daga gare su kuɗin ƙasa da zakkar hatsi suke fitowa. Shi ya sa ake bambanta wanda ya yi tafiya da wanda ya yi ƙaura. Wanda ya kwashe iyalinsa ya kwance rumbu ya tafi, bai bar kowa a madadinsa ba, gonarsa takan koma hannun dagaci, shi kuma ya ba baƙon da ya zo da gaisuwa yana neman wurin zama. Wanda ya bar mai riƙo, aka ci gaba da fitar da abin da ke kan gonar, ba a taɓa masa. Fiƙihun Malikiyya, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya bi a littafinsa Ta'alimur Radi kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa, ya zo daidai da wannan hankali: wanda ya sare daji ya raya shi ya mallake shi, amma idan ya bar shi har alamun aikinsa suka gushe, lokaci ya ja, wani ya zo ya sake rayawa, na biyun ne mai shi. Gonar gado ko ta saye ba ta faɗuwa da sauƙi haka. Duk da haka kowa ya san saura, wato gonar da aka bari ta huta, tana da wa'adin da ba a rubuta ba, kuma idan sabara da geza suka rufe kunyoyinta, da'awar mai ita takan fara rauni.

A dokokin aro abin ya fi fitowa fili, kuma dokoki ne da yaron ƙauye ya sani ba tare da an karantar da shi ba. Mai aron gona yana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya kafa ɗaki, domin waɗannan alamun zama ne. Kalwar ɗorawar da ke tsakiyar gonar da 'ya'yan kukar da ke bakinta yawanci na mai gona ne, ko iyalinsa da suka rage a gari. Gambar da aka dasa a kan iyaka ba a tumɓuke ta. Idan kaka ta yi, mai aro yakan ɗauki dami ɗaya ko biyu ya kai gidan mai gona, da rana tsaka, ta hanyar da mutane za su gani. Damin nan bai kai kuɗin haya ba, ba kuma don ya kai ake kai shi ba. Tunatarwa ce ta shekara-shekara ga duk mai ido cewa gonar tana da mai ita. Haka nan mai gona, ko da ya dawo da zafinsa, ba ya karɓar gona shuka tana tsaye. Sai an girbe, an kwashe kara, kafin a fara sharar gona ta gaba. Ƙofar shiga da ta fita duk suna da lokacinsu, kuma damina ce ke yanka shi.

Kotunan alƙalai sun ba wannan tsari haƙora ta hanyar hukuncin hauzi, wanda yake cikin littattafan da alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da su, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Idan bare ya riƙe gona shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, ba za a saurari ƙararsa daga baya ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, kotuna sukan kai shi shekara arba'in, saboda kunya takan hana ɗan'uwa tuhumar ɗan'uwa. Amma hauzi ba ya cin wanda ya yi nisa, kuma ba ya cin gonar da aka tabbatar aro ce ko riƙo ko jingina, komai daɗewa. Wato shari'a ta kare mai tafiya, ta hukunta mai shiru. Alhajin da ya shekara ashirin a Sudan yana iya dawowa ya karɓi gonarsa idan shaidu suna raye, alhali wanda ke zaune a Aujara ko Harbo yana kallon wani yana cin gonarsa shekara goma bai ce uffan ba ya rasa ta.

Zuwan Turawa bai rushe wannan ba, sai dai ya matse shi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna da sunan riƙo domin 'yan ƙasa, talaka kuma aka ce haƙƙin amfani yake da shi. A gundumomin da ke kusa da birnin Kano malaman awo suka riƙa auna gonaki da takun ƙafa, haraji ya koma kan faɗin gona, sunan mai ita ya shiga littafi. Abin da ya fi doka tasiri shi ne jirgin ƙasa. Da aka buɗe layin Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya tashi, gona ta zama abin da ke kawo tsabar kuɗi, saura ta fara ƙarewa. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tarwatsa gidaje da yawa, kuma a irin wannan shekara mutum yakan jinginar da gona a kan 'yan kwanonin hatsi. Zuwa shekarun 1960, binciken Michael Mortimore a karkarar Kano ya nuna ana noma kusan kowace gona kowace shekara, taki ne ya maye gurbin hutu. Polly Hill ma, a aikinta na Batagarawa da Dorayi, ta tarar da saye da sayar da gona ya zama ruwan dare, kuma matalauta ne suka fi sayarwa. Jahun tana da sauran sarari fiye da Dorayi, amma hanyar ɗaya ce, jinkiri kawai aka samu.

A nan masu suka suke da magana, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Malamai da yawa sun daɗe suna cewa jingina yadda ake yin ta riba ce: an ba ka bashi, mai bashi yana cin amfanin gonarka shekara da shekaru, bashin kuma bai ragu da ko anini ba. Wasu kuma suna cewa jingina sayarwa ce da aka lulluɓe, domin wanda yunwa ta sa ya ba da gona da wuya ya tara abin fansa. Duka biyun gaskiya ne a lokuta da yawa. Sai dai a tambaya: in babu jingina, me ya rage wa mai yunwa? Sayarwa ce ta har abada, a shekarar da gona ba ta da daraja. Jingina takan bar wa ɗansa ko jikansa hanyar fansa, tunda hauzi ba ya cin ta. Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta ƙasar kanta. Mai aro ba ya ɗora mangalar taki a kan jaki ya kai gonar da za a iya karɓewa baɗi, don haka gonar aro takan rame, kuma a jigawa mai yashi irin ta Jahun ramewar ba ta ɗaukar lokaci. Wannan tsada ce ta gaske, kuma mai gona ne ke biyanta ranar da ya dawo. Hakan bai rushe hujjata ba, ƙarfafa ta ya yi: ba a taɓa ba mai tafiya hutu kyauta ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamnan jiha, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, shuka da itatuwa da gini. Gonar da ke hutawa kusan ba ta da abin ƙirgawa. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, filayen da ke bakin titi suka yi kuɗi, magada suka fara tuno gonakin da kakanninsu suka ba da aro, a daidai lokacin da tsofaffin da suka ga kai dami suke ƙarewa. A ɓangaren fadama kuma akwai hutun dole. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan kogin, ambaliya irin ta 2022 ta shafe gonaki a Jahun da Miga da Ringim. Gonar da ruwa ya zauna a kanta tana nan ta mai ita, muddin akwai wanda ya tuna inda iyaka take.

Abin mamaki, masu tsara kuɗin kirifto, waɗanda samarin Dutse da Jahun suke bi a waya, sun ci karo da wannan tambaya ta mai dukiyar da ya jingine aiki, suka kuma ba ta amsa mai kama da ta dagaci. A wasu manyan tsare-tsaren, mutum yakan ɗaure kuɗinsa a matsayin jingina domin ya shiga cikin masu tabbatar da ciniki, ko ya mara wa wani mai tabbatarwa baya, a riƙa ba shi lada. A tsarin Polkadot, wanda ya fara aiki a 2020, an ba shi damar ya dakata ba tare da ya kwance kuɗin ba. Daga zagaye na gaba ba a sa shi cikin aiki, ladansa ya tsaya, kuɗinsa yana nan a ɗaure, ranar da ya shirya ya koma. Idan kwancewa yake so gaba ɗaya, tsarin a farkonsa ya sa jiran kwana 28, domin in an gano laifin da aka yi a baya a sami abin da za a rage masa. Har ma an ba wasu damar su dakatar da wanda jinginarsa ta gaza mafi ƙarancin da aka ƙayyade, a wasu yanayi, don a ba wani wuri. Ethereum ta fi tsanani: mai tabbatarwa yana ajiye aƙalla ETH 32, in ya kashe na'urarsa ana rage masa kaɗan-kaɗan, in ya fita ba ya komawa da wannan kujera, kuma waɗanda suka ajiye tun Disamba 2020 ba su sami damar cirewa ba sai Afrilu 2023.

Za a ce na'ura ta fi mai unguwa, tunda ba ta mantuwa, ba ta mutuwa, ba ta karɓar gaisuwa. Ta fuskar ajiye shaida haka ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar ƙarar gado ya san darajar rubutun da ba ya gogewa. Amma na'urar ba ta tambayar dalilin tafiya. Alƙali yana bambanta wanda ya yi shiru don kunya da wanda ya yi shiru don sakaci, yana ɗaga wa maraya ƙafa har ya balaga, yana jiran matafiyi. A Polkadot wanda ya dakata don jinya da wanda ya dakata don ganin dama hukuncinsu ɗaya, wanda kuma ya rasu bai bar wa kowa kalmomin sirrin asusunsa ba, kuɗinsa zai zauna a ɗaure, babu ƙanen da zai riƙe, babu kotun da za ta iya buɗe wa magadansa.