Daga Kalangu Zuwa Badujala: Yadda Yaran Sabo Suka Ɗauki Ganga

Da a zamanin kakanninmu aka zo wa dattijon Sabo da albishir cewa ɗansa ya ci gasar kiɗa, ba tukuici zai bayar ba, salati zai yi. Tun da aka kafa unguwar nan a Ibadan a 1916, mutanenmu da tsarin gida suka zo: kowace sana'a da masu ita. Kalangu na makaɗan mahauta ne, kakaki da tambari na fada, kuma kiɗa gado ne. Ɗan mai fataucin goro ko shanu, balle ɗan malam, ba ya taɓa ganga. In ya taɓa sai a ce ya zama maroƙi, har neman aure ya yi masa wuya.

Badujala kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Kiɗan soja da 'yan sanda ce, aikin da Bahaushe ya daɗe a ciki, domin rundunar da Glover ya haɗa a Ikko a 1863 da Hausawa aka kafa ta. Daga bariki ta shiga makarantun mishan, inda yara ke fareti kowace 24 ga Mayu, ranar Daular Ingila. To nan fa iyayenmu suka ƙara ja da baya: ga boko, ga coci, ga ganga, duk a wuri guda! Ko da gwamnatin Awolowo ta mai da firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, gidaje da yawa a Sabo allo suka riƙe.

Sai bayan shirin ilimin firamare na ƙasa baki ɗaya a 1976 abin ya fara sassauci. Mu da muke yara a lokacin, da yawanmu a Islamiyya muka tsaya. Amma ranar yara, 27 ga Mayu, da ranar 1 ga Oktoba, mukan sulale mu je kallon maci, mu dawo muna kaɗa gwangwanin madara a bayan gida, inda Baba ba zai ji ba.

A ganinmu, ba boko kaɗai ya sauya zukata ba. Zagayen Mauludi da faretin 'yan agaji sun taimaka ƙwarai. Da iyaye suka ga yaro cikin kaki, yana taku a layi, ba ya wasa kowa, ba ya roƙon kowa, sai suka gane wannan ba kiɗan da suke gudu ba ne.

Saɓanin malamai kan kayan kiɗa yana nan, ba mu share shi ba, kuma uban da ya hana ɗansa yana da hujjarsa. Wanda ya bari kuma, abin da muke faɗa masa a masallaci shi ne: kada atisaye ya cinye La'asar, kada ya cinye hadda.

A gasar makarantu ta bana, wani yaron unguwar nan ne ya riƙe babbar ganga, kuma makarantarsu ta dawo da kofi. Mahaifinsa, jikan dillalin shanu ne, ya rufe shago tun hantsi ya tafi filin. Har yau duk wanda ya tsaya sayayya sai ya miƙa masa waya: "Alhaji, duba nan, na tsakiyar nan nawa ne."