Yadda ake zaɓen kaji da shirya su domin baje kolin kiwo

A wurin baje kolin noma da kiwo, irin SAHEL-Niger da ake yi a Yamai ko waɗanda ake shiryawa cikin jihohi, kaza mai kyan gani ita ke tsayar da mai saye. Amma taron kaji wurin kwasar ciwo ne kuma. Wanda bai shirya ba yana iya dawowa da abin da zai share masa akurki.

Zaɓe

A ɗauki kaza a hannu, kar a tsaya ga kallo daga nesa. Ido ya zama garau, hanci ba majina, zanko da leɓe ja wur. A shafa ƙirji: in ƙashin ya fito kamar wuƙa, ta rame. A buɗa fiffike a duba ƙuma da ƙwarƙwata, a duba ƙafa ko ta yi ɓawo. Sagara mai shirin fara ƙwai da zakaran da ya cika sun fi kyau. A bar mai kwanci da wadda ke zubar da gashi. Irin gida kamar shazumama ko fingi, a kai wadda siffarta ta fito sosai.

Rigakafi

Cutar Niyukasil ta fi ɓarna lokacin hunturu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Allura ba ta kamawa nan take, shi ya sa ake yin ta aƙalla mako 3 kafin tafiya, wajen ma'aikatan kiwo. Ƴan uwa da ke waje, in za ku aiko da kuɗin allura, ku aiko da wuri. Murar tsuntsaye ma ba baƙuwa ba ce: ta ɓulla a Magarya a 2006. In hukuma ta hana zirga-zirga da kaji, sai haƙuri.

Abinci da tsabta

Wata guda kafin ranar, a ware waɗanda aka zaɓa. A ba su gero ko dawa da dusa, a haɗa da tunkuza, garin kifi ko gara, da ɗan ganyen zogale. Kwana 2 kafin tafiya a goge ƙafa da baki da tsumma mai ruwan ɗumi. In za a yi musu wanka, sai da hantsi, don su bushe kafin sanyin dare.

Tafiya da dawowa

Kar a ɗaure ƙafafu a rataye su a babur: gashi na karyewa, zafi na kashewa. A sa su cikin kwando mai iska, kowane zakara shi kaɗai, a kama hanya da asuba, a riƙe ruwa.

An dawo gida? To, kar a haɗa su da sauran kaji sai bayan mako 2 ko 3, har da sabbin da aka sayo. A wanke kwando da takalma. Duk wadda ta takure ko ta fara koren zawo, a sanar da likitan dabbobi nan da nan.