Daga Dandali Zuwa Takobi: Tarihin Kokowa da Sauran Wasanni a Ƙasar Nan

A cikin shekara ɗari da wannan sarauta ta yi tana riƙe da jama'arta, an ga sauyi a noma da kasuwa da karatu da shari'a. Wasa ma ya sauya, kuma ya cancanci gurbi a wannan littafi, domin a ƙasar Hausa fada ba ta taɓa kau da kai daga wasa ba. Da izinin sarki ake buga gangar kokowa, a ƙofar gidansa ake sukuwa, in kuma wasa ya ɓaci ya koma faɗa, gabansa ake kawo ƙara. Wanda ya bi sawun wasanninmu zai ga yadda wani yanki na hidimar sarauta ya tashi daga ƙofar fada ya koma hannun gwamnati, ya kuma ga abin da aka samu da abin da aka bari a hanya.

A zamanin kakanni wasa yana da lokacinsa, kamar yadda shuka take da nata. Da damina ba a zancen kokowa. Ƙarfin saurayi a bakin hauya ake gwada shi, ranar gayya, makaɗa na biye da manoma suna zuga su. Sai an yanke hatsi, an ɗaure, an cika rumbuna, iskar ɗari ta fara kaɗawa, sa'an nan gari yake aika wa gari goron gayyata. Baƙi su zo da makaɗansu da ƴan rakiyarsu, a sauke su, a ciyar da su, da la'asar a share fili a yi da'ira. Shekarar da damina ba ta yi kyau ba kuwa ganga takan yi shiru, don ba a kokowa da yunwa, ba a kuma gayyato baƙo rumbu ba kowa.

Ɗan kokowa ba rana ɗaya yake zama gwani ba. Akwai matakala da yaro yake hawa tun bai san ana hawa ba. Da farin wata yara maza suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗaya, dawaki suna kare ruwa har ya kai wurin sha. A nan ake koyon tsayuwa da dauriya da sanin inda nauyin abokin karo yake. Daga langa sai kokowar wasa a rairayin gulbi ko a bakin rijiya wajen shayar da dabbobi, daga nan sai dandali a gaban ƴan mata masu gaɗa, har ran da babban ɗan kokowar gari zai lura da yaro ya ja shi jikinsa, ya riƙa ɗaukar masa walki da layu. Duk wanda ya yi suna a da ta wannan hanya ya bi.

Sauran wasanni kuwa kowane da masu shi. Dambe na mahauta ne tun asali, da kalangu ake kiɗansa, kuma sukan yi yawo gari gari da kaka. Sharo na Fulani ne. Dara ta manya ce, a ƙarƙashin inuwa, gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Sukuwa ta fada ce da masu dawaki, kuma ragowar horon yaƙi ce daga zamanin da Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suke kwana da sirdi a kusa. A Damagaram ga hawan ƙaho na mahauta, ga wasan kara, inda samari suke kwaikwayon masu mulki, masu mulkin kuma su zauna su yi dariya.

Abin da ya ɗaure waɗannan duka shi ne tsari. Sarki yana naɗa sarkin samari, shi ke kula da dandali, shi ke tarbar baƙi, shi ke raba rigima kafin ta kai fada. Dattawan da suka yi kokowa a zamaninsu su ne alƙalai, kuma ba su haɗa ƙato da yaro. Abin da gwani yake samu bai taka kara ya karya ba: goro, ƴan kuɗin da ake liƙa masa, wani lokaci riga daga hannun sarki. Babbar ribar ita ce suna. Makaɗi ya sa shi a waƙa, a san garinsu saboda shi, kuma ba ya shan wahalar neman aure.

Nasara sun shiga Damagaram a 1899, cikin ƴan shekaru suka mamaye ƙasa. Aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946, da rani yake kwashe ƙarfafan samari, wato daidai lokacin wasa. Kumandan kuma ya shigo da nasa biki na 14 ga Yuli, inda ake kiran sarakuna su zo da dawaki da ƴan kokowa a yi wasa a gabansa. Nan ne aka fara ganin kokowa a ranar da ba manomi ne ya zaɓe ta ba. Ƙwallon ƙafa, da ake ce wa balo, ta lakwal da barikin soja ta shigo, ta daɗe tana wasan ƴan boko da ƴan birni. Bayan samun mulkin kai a 1960 damben zamani ne ya fara fitar da sunan ƙasa waje, lokacin da Isaka Dabore ya samo lambar tagulla a wasannin Olimpik na Munik, ƙasar Jamus, a 1972.

Babban juyi ya zo ne a 1975. Ƙasa ta fito daga fari da yunwa na 1973 da 1974, sojoji sun karɓi mulki a watan Afrilu na 1974 ƙarƙashin Saini Kunce, suna neman abin da zai haɗa kan jama'a ba tare da jam'iyya ba. Suka farfaɗo da samariya, suka kuma ɗauki kokowa suka mayar da ita gasar ƙasa. A Tawa aka yi karo na farko, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi. Tun daga nan gasar take zagaya manyan biranen jahohi.

Ya kamata a tsaya a dubi kyautar da aka zaɓa. Ba kofi aka ba Kantu ba irin na ƴan ƙwallo. Takobi aka ba shi, kuma al'adar da ta zauna ita ce a sa wa gwani babbar riga, a naɗa masa rawani, a ba shi doki da sirdi, a kira shi sarki har shekara ta zagayo. Waɗannan duka kayan fada ne. Gwamnati ta san cewa talakan ƙasar nan ba shi da wata alamar ɗaukaka da ta wuce wadda ya saba gani ranar naɗi, sai ta are ta. Ɗan manomi da ba ya da gadon sarauta ko ta wace fuska ya samu hanyar yin rawani da ƙarfin damtsensa, kuma sarakunan gargajiya ba su ɗauki abin raini ba. Suna halartar fili, suna ba da tasu kyauta, ran da takobi ya zo gida kuma fada na cikin wuraren da ake kai shi gaisuwa.

Tsarar farko ta bar sunayen da har yau ake kira. Ban da Kantu akwai Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram. Filayen kokowa na Maraɗi da Doso da Damagaram sunayen uku daga cikinsu suke ɗauke da su. Bayansu aka yi zamanin su Bala Haruna da Badamasi. A baya-bayan nan Kadiri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Muryar Sahel da Tele Sahel, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, su suka kai waɗannan sunaye har rugage da tungaye. Kwanakin gasa kasuwa takan yi sanyi da yamma, mutane sun kewaye rediyo. Waƙoƙin Sagalo da barkwancin ƴan cali-cali sun zama abin da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace suka yi tarayya a kai, abin da ba kowace siyasa ta iya yi ba.

Sai dai gasar ƙasa ta zo da nata sharuɗɗa. Jahohi 8 kowace tana kawo ƴan kokowa 10. An kewaye fili da buhunan rairayi, an sa alƙali mai usur da agogo, an rubuta dokoki, ana ba da gargaɗi ga mai gudun kamu. Wannan ya rage gardama da zub da jini, ba mai musu. Amma agogo ya haifar da wata dabara da kakanni ba su sani ba, wato cin lokaci. Kuɗi kuma sun shigo da yawa: kyautar takobi ta kai miliyoyin sefa, ga abin da ƴan kasuwa da ƴan siyasa da kamfanonin waya suke ƙarawa. Ɗan kokowa ya samu gida da abin hawa, abin a yi murna ne, domin da yawa daga na da sun tsufa hannu wofi. Amma inda kuɗi suka taru zargi ba ya nisa, kuma an sha jin ƴan kallo suna ƙorafin an haɗa baki, wane ya kwanta wa wane. A dandalin da, wanda ya sayar da kaye a garin zai kwana, gobe ya haɗu da mutanen a masallaci da kasuwa. Wannan kunyar ita ce dokar da ba a rubuta ba. Malamai su ma sun daɗe suna jan hankali kan layu da guraye da ake jibga wa jiki, amma har yanzu da wuya ɗan kokowa ya shiga fili ba su.

Abin da ya fi damun dattawa shi ne matakalar nan ta ƙasa. Samari da yawa ba su kaka a gida, ana gama girbi sun tafi cin rani Najeriya ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya. Waɗanda suka zauna, kabu-kabu ya ɗauke musu yini, gidan kallo ya ɗauke musu dare. Yaron da kakansa ya haddace kirarin Kantu, shi sunayen ƴan wasan Real Madrid da Barcelona ya haddace. Ƙwallo ta samu gindin zama: Maraɗi ta san Jangwarzo da Ɗan Kasawa, ƙungiyar ƙasa ta Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, a 2019 kuma filin Maraɗi ya karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20. Abdul Razak Alfaga ya samo lambar azurfa ta taikwando a Riyo a 2016, yara suka fara neman fararen kaya. Ba a ƙin wannan ko kaɗan. Sai dai langa ta ja baya a unguwannin birni, filayen da ake dandali an yanka su fuloti, sarautar sarkin samari kuma a wurare da dama sai ranar biki ake tunawa da ita. Takobi yana ƙara tsada, gonar da take fitar da masu ɗaukarsa tana ƙanƙancewa.

Shi ya sa masu zaɓen ƴan kokowar jaha har yanzu ƙauye suke dubawa. Akasarin waɗanda suke shiga manyan filaye ƴaƴan manoma da makiyaya ne, daga garuruwan da ba a daina gayyatar juna da kaka ba. A irin waɗannan garuruwa tsarin bai sauya sosai ba. Samari su tara kuɗi, su sayi goro, su kai wa maigari ko hakimi, shi ya sa rana, ya aika wa maƙwabta, ya wakilta dattawan da za su zauna bakin fili. Yara ƙanana ake fara sakawa tun rana na sama, sai matasa, manya kuma ba su tuɓe riga sai inuwa ta yi tsawo.