Me Ya Sa Sarkin Gobir Ya Fi Ɗaya?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Isa, yana cewa: ga Sarkin Gobir a Tsibiri, ga wani a Sabon Birni, ga kuma namu nan Isa, yaya aka yi haka? To malam, ka yi tambaya mai kyau, sai ka gyara zama.

A shekarar 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa. Amma cin birni daban, cin mutane daban. Gobirawa da yawa suka ƙi miƙa wuya, suka riƙa kai hari suna komawa daji. Can arewa kuma Katsinawan da suka rasa birninsu suka kafu a Maraɗi, suna yin irin haka.

Tun a lokacin kan Gobirawa ya rabu biyu, masu son sulhu da masu son yaƙi. Sarkin Gobir Ali ya yi amana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma masu son yaƙi suka matsa masa har ya warware. Ya haɗa kai da Rauda na Maraɗi da wasu Buzaye, aka gamu a Gawakuke a 1836. Bello ya yi nasara, Ali da Rauda duk suka kwanta dama a wurin. Waɗanda suka tsira suka naɗa Mayaƙi, suka gina Tsibiri kusa da Maraɗi. Asalin Sarkin Gobir na Tsibiri ke nan.

Shi kuwa Bello ya gane cewa mai sari-ka-noƙe ba a gama shi da yaƙin rana ɗaya. Sai ya kama gina ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka. A zaunar da mayaƙa da manoma, a ɗora ɗan sarki a kansu, da damina su yi noma, da rani su tsare hanya. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu a 1837. Isa, a bakin gulbin Bunsuru, tana cikin irin waɗannan garuruwa, kuma zuriyar Bello ce ta riƙe ta da sarautar Sarkin Gobir. To ka ji taku.

Saura Sabon Birni. Wajen 1860 rigimar sarauta ta tashi tsakanin Bawa ɗan Gwamki, Sarkin Gobir na Tsibiri, da ɗan'uwansa Ɗan Halima. Ɗan Halima ya fice da mutanensa, ya nemi goyon bayan Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan Alƙalawa. Daga nan Bagobiri ya koma tare wa Bagobiri hanya. Abin da takobi bai yi ba cikin shekara hamsin, gabar gida ta yi shi. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya.

Amma malam, ka tambayi kanka, wa ya sha wuyar wannan dogon tashin hankali? Manomi ne da aka ƙone wa rumbu, da falke da aka tare wa ayari, da matar da aka kama a bakin rijiya. Dakarun wannan gefe su ci garinsu yau, na wancan su ci gobe. Ku mutanen Isa da Sabon Birni ba sai an yi muku bayanin barin gona saboda tsoro ba, kun gani da idonku. Don haka kada wani ya ɗauki wannan tarihi ya yi wa maƙwabcinsa gori da shi, jikokin duka ɓangarorin kasuwa ɗaya suke ci.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. A ci gaba da aiko da takardu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.